Saiwar da Ta Kai ga Ruwa: Tarihin Jimirin Masu Bi a Ƙasar Kankiya da Kusada

Karatu: Ibraniyawa 10:32-39; Luka 17:11-19; Ru'ya ta Yohanna 2:1-7

Wanda ya tashi daga birnin Katsina ya nufi Kano a mota zai ratsa Kankiya, ya wuce Gidan Mutum Ɗaya a ƙasar Kusada, kafin ya shiga ƙasar Kano ta Tsanyawa. Daga bakin kwalta ba zai ga alamar ikkilisiya da yawa ba. Sai ya sauka ya bi turba a tsakanin gonakin gero da dawa, sa'an nan zai tarar da ƙananan majami'u, wata ginin jar ƙasa, wata ta bulo da rufin kwano, inda 'yan tsirarun masu bi suke taruwa ran Lahadi suna yabon Allah da Hausar da aka haife su a cikinta. A irin wannan majami'a na fara jin sunan Yesu Almasihu, a irinta kuma nake hidima har yau.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, wani saurayi daga cikin 'yan ƙungiyar mawaƙa ya tsaya har kowa ya watse, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba Fasto, mu nawa ne a ƙasar nan? In Allah yana tare da mu, me ya sa kullum mu ne 'yan kaɗan, kullum mu ne a baya? Ni dai na gaji." Na ce masa, "Ɗana, ai ban taɓa ganin ka fasa zuwa sujada ba." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Zuwa kam ina zuwa, Baba. Amma rabona da in yi addu'a ni kaɗai, har na manta."

Wannan magana ta zauna mini a zuciya kwana da kwanaki. Marubucin wasiƙar Ibraniyawa ya rubuta wa masu bi ne waɗanda suka gaji irin wannan gajiya, abin da ya fara yi kuwa shi ne ya mai da hankalinsu ga kwanakin farko, lokacin da suka sha wuya ba su ja da baya ba. Haka nake so mu yi a wannan nazari. Bari mu bi sawun yadda bishara ta iso wannan ƙasa, mu ga abin da ya riƙe waɗanda suka riga mu.

Waɗanda suka faɗi a hanya

A shekara ta 1710 wasu limamai biyu na ɗariƙar Katolika, Fada Carlo Maria da Fada Severino, suka tashi daga Tarabulus suka ratso Hamada ta Murzuk da Agadas, domin sun ji labari cewa akwai Kirista a can cikin ƙasashen baƙar fata. Suka iso birnin Katsina a 1711, ciwo ya kama su, dukansu biyu suka rasu a nan. Ba su kafa ikkilisiya ba. Ƙasar Katsina ta karɓi gawarsu shekaru fiye da ɗari biyu kafin ta ji wa'azin bishara a fili.

A farkon 1851 wani Bajamushe mai yawon binciken ƙasashe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim, ya bi ta Kusada a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano, ya kuma ambaci garin a littafin tafiye-tafiyensa. Shi ba mai wa'azi ba ne. Amma da zai koma Turai a 1855 ya tafi da samari biyu da aka 'yanta daga bauta, ɗayansu kuwa shi ne Dorugu, Bahaushen ƙasar Damagaram. A Ingila Dorugu ya zauna da wani malamin mishan na CMS mai suna Schön, daga bakinsa kuma Schön ya ƙara sanin Hausa har aka buga sassan Littafi Mai Tsarki da harshenmu a ƙarshen shekarun 1850. Yaron da aka taɓa sayarwa a kasuwa, shi Allah ya mora domin Maganarsa ta sami bakin Hausa. Dorugu ya dawo gida, ya rasu a Kano a 1912.

Ran 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka a Ikko da niyyar kai bishara cikin ƙasar Sudan, wato wannan yanki namu: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa zazzaɓi ya kayar da shi, daga baya ya koma gida. Ya sake ƙoƙari a 1900, ciwo ya sake mai da shi. Sai a karo na uku, a 1902, ƙungiyarsa ta SIM ta kafa tasharta ta fari a Pategi. A 1900 ɗin nan kuma Bishop Tugwell na CMS ya isa Kano tare da Dokta Walter Miller da abokansu, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su bar garin. Suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. Miller ya nace, ya zauna a Zariya daga 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa.

In an haɗa lissafi daga 1711 zuwa farkon ƙarnin da ya wuce, kaburbura sun fi tubabbu yawa. Ɗan kasuwa da ya ga irin wannan hasara, da tuni ya naɗe tabarmarsa. Waɗannan mutane sun ci gaba da zuwa domin sun san Wanda ya aike su, muryarsa kuma ta fi musu ƙarfi da abin da idonsu yake gani.

Ƙofar da ta buɗe ta wajen kutare

Da Turawan mulki suka ci ƙasar Hausa a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato cewa ba za a taɓa addininsu ba. Saboda haka gwamnatin Turawa ta hana 'yan mishan shiga masarautu irin su Katsina da Kano shekaru da dama. Masu cewa bindigar Bature ce ta kawo bishara ƙasar Katsina, tarihi bai goyi bayansu ba. Jami'an mulki su ne suka tsare ƙofar.

Abubuwa biyu suka faru a shekarun 1930 da suka sāke al'amarin. Na fari, a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, bayan wahalar shekaru da Miller da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, suka sha. Na biyu, a ƙarshen shekarun nan aka danƙa wa SIM kula da matsugunan kutare na wasu lardunan Arewa, cikinsu har da Amanawa ta Sakkwato da Babbar Ruga kusa da birnin Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Sannu a hankali aka sami tashoshin mishan da ɗakunan shan magani a wurare irin su Malumfashi da Matazu, da Roni ta gabas da mu. Ƙasar Kankiya da Kusada ta zauna a tsakiyar waɗannan wurare, mutanenmu suna zuwa neman magani suna dawowa da labari.

Ku lura da ƙofar da Allah ya zaɓa. An rufe ƙofar fāda, an rufe ta kasuwa, sai ya shigo ta wajen waɗanda ake ware wa ƙwarya da tabarma. A farkon lokacin, maganin kuturta allura ce ta man wani itace da ake kawowa daga Indiya, mai zafi ƙwarai, mai jinkirin aiki. Sai wajen 1950 aka fara ba da ƙwayar dafson, wadda ta kashe cutar a jikin mutane da yawa. Majinyaci yakan yi shekaru a matsugunin, yana noma, yana shan magani, wanda ya so kuma yana koyon karatu.

Baffana, wan mahaifina, yana ɗaya daga cikinsu. Mu Maguzawa ne, gidanmu babban gida ne a tsakiyar gonaki, kakanmu yana yanka wa kan gida a gindin tsamiya kowace shekara kafin shuka. Da tabo ya bayyana a jikin Baffa, aka yi yanka, aka kira masu bori, abin bai tsaya ba. Daga bisani ya tafi Babbar Ruga da ƙafa. Bayan shekaru ya dawo, cutar ta mutu amma ta tafi da rabin yatsunsa, a cikin jakarsa kuwa akwai Littafi Mai Tsarki. Ya ce shi ba zai ƙara cin naman yankan tsafi ba. Mutanen gida suka ce asibiti ya cinye masa hankali. Ƙwaryar da aka ware masa saboda kuturta, aka ci gaba da ware masa ita saboda Almasihu.

Shekara kusan ashirin Baffa ya yi shi kaɗai ne mai bi a gidanmu, babu fasto, babu majami'a kusa. Abin da na tashi na tarar yana yi, wanda manya suka ce haka yake yi tun dawowarsa, shi ne kowace asuba kafin a fita gona yakan zauna a bayan rumbu, ya ɗora Littafin a cinya, yana juya shafi da dungulmin hannu, yana karantawa a hankali da ƙarfi kamar mai hira da wani. In ya gama sai ya ambaci sunayen mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya a gaban Allah, har da waɗanda suka fi tsananta masa.

A Luka sura 17 kutare goma suka sami warkarwa a hannun Yesu, ɗaya ne kaɗai ya komo ya fāɗi a gabansa yana godiya. Tara sun karɓi kyautar sun yi gaba, ɗayan ya nemi Mai kyautar. Dubban mutane sun sha magani a hannun 'yan mishan, an kuwa yi musu aiki da zuciya ɗaya ko sun gaskata ko ba su gaskata ba. Amma ikkilisiyar wannan ƙasa ta tsiro ne daga 'yan kaɗan ɗin da suka komo. Da magani ne kaɗai ya riƙe Baffa, da ranar da aka sallame shi bangaskiyarsa ta ƙare.

Lokacin da gidaje suka juyo

A 1954 ikkilisiyoyin da aikin SIM ya haifa suka haɗu suka zama ECWA. Tun kafin wannan, a ƙarshen shekarun 1940, 'yan ƙasa sun riga sun kafa ƙungiyarsu ta aika masu bishara, wadda daga baya aka sani da EMS. Masu bisharar nan, da yawansu daga kudancin Zariya da ƙasar Filato da Gwari da Tangale, su ne suka shigo ƙauyukanmu da iyalansu. Sukan roƙi gona a wurin mai gida, su yi ɗakin kara, su yi noma tare da mutane, da dare su kunna fitilar ƙwai su koya wa yara da manya karatu. Albashinsu bai kai ya ciyar da su ba. Waɗansu sun binne 'ya'yansu a ƙasarmu.

Shekarun 1960 suka zo da matsi iri biyu. Daga 1963 zuwa 1965 Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya yi rangadin musuluntarwa a Arewa, Maguzawa da yawa kuma suka ga lokaci ya yi da za su zaɓi inda za su tsaya. Sa'an nan kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suka kwashe 'yan kudu daga garuruwan Arewa, majami'un cikin gari da dama suka zama kango. Masu kallo suka ce addinin baƙi ne, ya bi baƙi ya tafi. A cikin shekarun nan ne kuwa shirin Sabon Rai Don Kowa ya bazu, yana koya wa kowane mai bi ya taru da 'yan'uwa a ƙananan ƙungiyoyin addu'a, ya kuma yi shaida da bakinsa. A gidajen da suke da rediyo ana kama wa'azin Hausa daga tashar ELWA ta Laberiya da Muryar Bishara.

Sai ga farin 1973. Gero ya bushe a tsaye, rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka mutu. A gidanmu an yi yanka har akuyar ƙarshe. Mahaifina ya sha gaya mini cewa a wannan shekara ce ya fara zuwa bayan rumbu da asuba yana zama nesa kaɗan da wansa. Ba wata mu'ujiza ya gani ba, yunwar da ta ci kowa ta ci Baffa. Abin da ya ja shi shi ne, a gidan duka mutum ɗaya ne bai firgita ba, shi ne kuma yake raba ɗan abin da ya samu da waɗanda suka ware masa ƙwarya. Wata rana mahaifina ya ce masa, "Yaya, wannan da kake magana da shi kullum, yana jin ka?" Baffa ya ce, "Zo ka zauna kusa, ka tambaye shi da kanka." Kafin shekara biyu mahaifina da mahaifiyata da wasu mutum tara na gidan aka yi musu baftisma.

Abin da ya faru a gidanmu ya faru a gidajen Maguzawa da yawa a ƙasashen Katsina da Kano da Zazzau a shekarun 1970, har EMS, a ƙarƙashin jagorancin Rabaran Panya Baba, ta mai da hankali ƙwarai a kan wannan aiki. Abin lura shi ne, a cikin shekarun nan ne gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan, Turawan kuma suka ragu. Girbi mafi yawa ya zo bayan da abin hannun mishan ya ƙare. Irin da aka shuka da hawaye tun 1711 ya tsiro a lokacin da Ubangijin girbi ya ga dama.

Maris 1987

Ran 6 ga Maris 1987 rikici ya tashi tsakanin ɗalibai Kirista da Musulmi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan. A lokacin ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, domin sai ran 23 ga Satumba na shekarar aka ƙirƙiro Jihar Katsina. A Kafanchan an yi hasarar rayuka, an lalata masallatai. Cikin 'yan kwanaki tarzomar ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, har ta taɓa Kankiya. Majami'u fiye da ɗari aka ƙone ko aka rushe a faɗin jihar.

Ina saurayi a lokacin. Wutar ba ta iso ƙauyenmu ba, amma tsoronta ya iso. Mata suka ɗaure kaya, aka kwana ba barci. Da magariba wani malami maƙwabcinmu, Musulmi, wanda gonarsa take iyaka da tamu, ya zo da buzunsa ya shimfiɗa a ƙofar gidanmu. Mahaifina ya ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau. Yau a nan zan kwana. Wanda zai shiga gidan nan sai ya tsallake ni." Na rubuta wannan domin 'ya'yanmu su sani, kada wani ya koya musu cewa kowane maƙwabci abokin gāba ne.

Lahadin da ta biyo baya, waɗanda suka zo sujada ba su kai rabin yadda aka saba ba. Mu samari zuciyarmu tana tafasa, muna maganar ramuwa a bayan majami'a. Mai bishararmu ya roƙi Baffa ya yi addu'a. Tsohon ya miƙe da kyar, ya ɗaga dungulmin hannuwansa, ya yi godiya, ya roƙa wa waɗanda aka ƙone wa majami'u ta'aziyya, ya roƙa wa Musulmin da suka yi hasara a Kafanchan ta'aziyya. Sa'an nan ya shiga roƙon gafara domin waɗanda suka kunna wutar, yana kuka kamar 'ya'yan cikinsa ne. Na buɗe ido na dube shi, haushi ya kama ni. Sai da na yi shekaru, har na shiga makarantar tauhidi, kafin na gane abin da na gani a ranar. Mutumin da ya yi shekara talatin yana zama da Yesu kowace asuba, halin Yesu ya riga ya shige shi. Mu da muke maganar ramuwa mun tsaya a kan sunan Kirista, ba mu gudu ba, amma zuciyarmu ta yi nisa da Mai sunan.

Jimirin da ya rasa ƙauna

Tun daga lokacin abubuwa da yawa sun wuce ta kanmu. A shekara ta 2000 aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Katsina, masu bi da yawa suka shiga zullumi. Samun filin gina majami'a, da malamin da zai koya wa yaranmu darasin addinin Kirista a makaranta, da gurbin aiki, har yau ba su zo da sauƙi ba. A 'yan shekarun nan kuma 'yan bindiga sun addabi jihar. Duniya duka ta ji labarin ɗalibai fiye da ɗari uku da aka sace a Ƙanƙara ran 11 ga Disamba 2020. Wannan masifa ba ta tambayar addinin mutum, Musulmi da Kirista duk sun binne nasu, duk sun bar gonaki ba shuka.

Akwai kuma abin godiya. Ɗariƙar Angilikan ta kafa dayosis a Katsina a 1990. A 2023 ɗariƙar Katolika ta kafa tata, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishop na fari, shekara 312 bayan rasuwar limaman nan biyu a birnin. Jikokin waɗanda suka koyi karatu a hasken fitilar ƙwai yau fastoci ne da malaman makaranta da ma'aikatan jinya. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, mun kuwa ɗanɗana romon.

Duk da haka, ya ku ƙaunatattu, tsoron da nake ji wa ikkilisiyar wannan ƙasa a yau ya fi na wuta da na bindiga. A Ru'ya ta Yohanna sura 2 Ubangiji ya yabi ikkilisiyar Afisa saboda aikinta da haƙurinta, ya shaida cewa ta sha wuya saboda sunansa ba ta karai ba. Sa'an nan ya kawo ƙara ɗaya a kanta, cewa ƙaunarta ta fari ta huce, ya kuma gargaɗe ta cewa in ba ta tuba ba zai kawar da fitilarta. Ashe mutum yana iya jimrewa shekara da shekaru alhali ya bar Ubangiji a baya. Yana iya riƙe sunan Kirista kamar yadda ake riƙe sunan kabila, don kada a ce ya ji tsoro, ko don haushin waɗanda suka ƙi shi. Irin wannan tsayawa taurin kai ce, ƙarshenta kuwa ɗaci ne ko gajiya. Ita ce gajiyar saurayin da ya tsaya bayan sujada. Ya gāji bangaskiyar kakanninsa da wahalarta, amma bai gāji zamansu na asuba ba.

Kowane manomi a Kankiya da Kusada ya san abin da yake faruwa in ruwa ya ɗauke kwana ashirin bayan shuka. Ciyawar da saiwarta take a sama takan ƙone. Gero yakan lanƙwashe ganye, ya yi kamar ya mutu, amma saiwarsa tana can ƙasa tana bin laima, ran da ruwa ya sauko sai ya miƙe. Rana ɗaya ce ta doke su duka biyu. Abin da ya raba su yana ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani. Marubucin Ibraniyawa, a sura 10 ɗin da muka karanta, kafin ya ce wa masu bi suna bukatar jimiri, ya riga ya kira su su matso kusa da Allah da zuciya mai gaskiya, tun da jinin Yesu ya buɗe musu hanya. Matsowa ce take haifar da jimiri. Yakubu ma a sura 4 ya ba mu tabbacin cewa wanda ya matso wurin Allah, Allah zai matso wurinsa.

Abin da ya rage mana

Me za mu yi ke nan? Abubuwan da suka riƙe iyayenmu ba su da tsada, ba kuwa wanda ya isa ya hana mu su.

Na fari, kowane mai bi ya sami nasa bayan rumbu, wato wuri da lokacin da zai kaɗaita da Allah kowace rana. Baffa ya juya shafi da dungulmi. Mu muna da yatsu goma, da yawanmu kuma Littafin yana cikin wayar da take aljihunmu. In wayar ce take cinye asubarka, ajiye ta a wani ɗaki har ka gama.

Na biyu, a mai da sujadar iyali cikin gida. Yaron da bai taɓa jin mahaifinsa yana addu'a ba sai a majami'a zai ɗauka Allah a majami'a yake zaune. Ran da karatu ko neman abinci ya kai shi Kano ko Abuja, zai bar Allah a ƙauye tare da tsofaffin tufafinsa.

Na uku, kada mu bar taruwa, ko mu biyar ne. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa da addu'ar tsakiyar mako su ne garwashin da yake riƙe wa juna zafi. Wanda ya ga ɗan'uwa ya fara ja da baya, ya je gidansa tun kafin a kai maganar gaban dattawa.

Na huɗu, mu riƙa ambatar maƙwabtanmu da suna a gaban Allah, masu yi mana alheri da masu tsananta mana, har da 'yan bindigar da suke daji. Da wuya mutum ya ƙi wanda yake yi wa addu'a kullum. In ka tarar ba ka iya yin wannan addu'a, to ka san inda saiwarka ta tsaya, ka faɗa wa Ubangiji gaskiya, shi zai taimake ka.

Saurayin nan na gaya masa labarin Baffa, na kai shi inda rumbun yake dā. Ban yi masa alkawari cewa za mu yi yawa ba, ko cewa wuya za ta ƙare, domin Ubangiji bai yi mana wannan alkawari ba. Na ce masa, "Ɗana, kwana talatin nake roƙonka. Kowace asuba ka karanta sura ɗaya a Bishara ta Luka, ka gaya wa Yesu abin da ka gaya mini, kada ka ɓoye masa gajiyarka." Har yanzu yana cikin mawaƙa, har yanzu bai sami aikin da yake nema ba. Amma kwanan baya ya zo ya ce mini ya fara karanta wa ƙannensa Littafin da dare, ya kuma tambaye ni yadda ake yi wa mutumin da ya cuce ka addu'a.

Baffa ya rasu da daɗewa. An binne shi a gefen gonar gidanmu, waɗanda suka taɓa ware masa ƙwarya su ne suka ɗauki makararsa suna waƙar tashin matattu. Littafinsa yana wurina, gefen shafofinsa ya yi baƙi inda dungulmin yake bi.

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, Uban Ubangijinmu Yesu Almasihu, mun gode maka saboda bayinka da suka faɗi a hanya domin bishara ta iso gare mu, da kutaren da ka ɗaukaka suka zama iyayen ikkilisiyarka, da masu bisharar da suka yi noma tare da kakanninmu. Ka gafarta mana inda muka riƙe sunanka alhali zuciyarmu ta yi nisa da kai. Ka komo da mu ga ƙaunarmu ta fari. Ka ba ƙasar Kankiya da Kusada da dukan Jihar Katsina salama, ka ba shugabanninmu da sarakunanmu hikima, ka sa wa maƙwabtanmu albarka. Ka zurfafa saiwarmu a cikinka ta wurin Ruhunka Mai Tsarki, domin mu jimre har ranar da za mu gan ka ido da ido. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.